Mainasara da Motar da Ke Ihu da Rana Tsaka

Ka taɓa ganin mota a kulle, ba kowa a ciki, ba wanda ya ko jingina da ita, amma ta ɓarke da ihu da rana tsaka kamar ta ga ɓarawo? Mu a unguwarmu ta gefen Tiga mun gani, mun ji har kunnuwanmu suka gaji. Ihun nan kuwa saura ƙiris ya raba yayana Mainasara da abu biyu da ya fi ji da su: makullin mota, da sunan da ya yi na mai riƙon amana.

Bari in fara gaya maka ko wane ne shi.

Mainasara ne babba a gidanmu, ni Mujitaba ni ne auta. An haife shi bayan an taso iyayenmu daga tsohon ƙauyenmu, wanda yanzu yake kwance a ƙarƙashin ruwan dam. Mahaifinmu manomi ne da ruwa ya mayar masunci, kuma tun Mainasara bai iya riƙe filafili ba yake shiga kwalekwale tare da shi. Kamun kifi dai bai karɓe shi ba, har yau idan ya jefa fatsa sai kifayen su yi kamar ba su gani ba. Abin da ya ɗauko daga ruwa shi ne iya zama. Zai zauna shiru, ido a wuri ɗaya, har kai da ke gefensa ka fara jin ƙaiƙayi a jiki.

Da ya tasa sai ya bi mota. Ya yi yaron mota a Kwanar Ɗangora, daga baya ya sami bas ta kansa. Kiru, Ƙafin Maiyaki, Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, ranar da fasinja suka yi yawa ya leƙa har Riruwai. A wannan hanya aka san shi. Akwai wata Bafillatana da ta taɓa mance ƙwaryar man shanu a ƙarƙashin kujera. Ya lulluɓe ƙwaryar da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye ta gindin randa a gida, da kasuwa ta zagayo ya bi rumfa rumfa har ya gano matar. Ta buɗe ta ga ko yatsa ba a dangwala ba. Daga ranar idan wata za ta aika saƙo Doguwa, sai ta ce a jira motar Mainasara.

Sai man fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Bas ɗin ta tsufa, tana shan mai kamar da gayya. Ya jingine ta a ƙofar gida da niyyar kafin abubuwa su daidaita, abubuwan kuwa ba su daidaita ba. Ya koma bin gonakin rani yana aikin ban ruwa.

Wadda ta ci moriyar zaman bas ɗin ita ce matarsa Turai. Sana'arta busasshen ganye: zogale, yakuwa, kuɓewa, wani lokacin tattasai. Masu sari suna zuwa su kwasa zuwa Kano. Ta lura cewa mota a rufe cikin rana ta fi kowane rufin ɗaki zafi, ga shi ba akuya, ba kaza, ba yashi. Sai ta riƙa jera faifai a kan kujeru. Na taɓa ƙirgawa, faifai goma sha bakwai bas ɗin take ɗauka, ban da tire biyu a gaban direba. Abin da ake shanyawa da hantsi, kafin la'asar sakaliya ya yi ƙaras. Ranar da 'yan gwangwan suka zo suka yanyanka bas ɗin, ban san wanda ya fi jin ciwo tsakanin mijin da matar ba. Gilashin gaba kaɗai Mainasara ya hana su ɗauka. Ya cire shi da hannunsa ya jingine a bayan rumbu, ya ce ta nan ya ga duniya, ba zai sayar a kan sikeli ba.

To, ana nan sai ƙungiyarmu ta manoman rani ta yi wani yunƙuri. Muna da farantan sola ashirin da huɗu da ke tuƙa famfunan ban ruwa, ni na kafa su, don aikina ke nan. Aka ce tunda ga wuta Allah ya ba mu daga sama, me zai hana a sayi ƙaramar mota mai lantarki ta hannu, wadda za ta riƙa kai marasa lafiya da masu naƙuda asibiti, ta kuma ɗauko mana iri da taki? Aka haɗa hannu aka sayo. Fara ce, mai kujera biyar. Da aka zo maganar wa zai riƙe makulli, ba a ma yi doguwar magana ba. Shugaban ƙungiya, Alhaji Tasi'u, ya miƙa wa Mainasara a gaban kowa.

Sai ka ga yayana a makon farko. Ƙafarsa ta hagu tana ta laluben kuloci a inda babu. Ya kunna mota ya zauna yana jira ta yi magana, ita kuwa tuni ta tashi.

"Wannan mota ba ta da gaisuwa," in ji shi. "Ka shigo gida ba sallama."

Amma ya so ta. Kullum da safe sai ya goge ta, ya kuma koyi danna hon da wuri saboda awaki ba sa jin tahowarta.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe. Duk lokacin da aka jona motar a caji, famfo biyu ne suke hutawa. Wato kowane kashi ɗaya da ya shiga batirinta, albasar wani ce ta jira ruwa. Shi ya sa idon kowa yake kan batirin nan. Alhaji Tasi'u ma a wayarsa yake ganin komai, don wanda ya sayar da motar ya haɗa masa ita da wayar.

Duk lokacin sanyi lafiya lau. Da bazara ta kama, sai abin ya fara. Ana idar da sallar azahar, ko mutane na cikin cin abinci, sai motar ta fasa ihu, fitilu na walƙiya, hon na tashi. Mainasara ya fito da gudu ba takalmi, ya zagaya ta, ƙofofi a kulle, gilasai a rufe. Ya danna makulli ta yi shiru. Kafin ya gama wanke hannu ta sake. A daidai lokacin kuma saƙo ya faɗa wayar Alhaji cewa an ji motsi a cikin mota.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyun ya fi muni: batir yana raguwa alhali motar tana tsaye. A ajiye ta da kashi tamanin, washegari a tarar da saba'in da huɗu. Wata rana kashi biyar ya tafi, wata rana bakwai.

A cikin gida kuwa tuni an yanke hukunci cewa ɓera ne. Dalili, tunda zafi ya dawo Turai ta koma tsohon halinta. Duk ranar da ba tafiya, sai ta miƙa wa mijinta faifai uku ya shimfiɗa zane a kujerar baya ya jera mata. Shi bai ɗauki abin a bakin komai ba, haka suka saba tun zamanin bas. Kuma duk ranar da motar ta yi ihu, sai a tarar da zogalen a warwatse, har ƙarƙashin kujerar direba.

"Ga shaida nan a fili," in ji Turai, tana nuna mini. "Ƙaton ɓera ne. Shi ke tona mini kaya, motar ta gan shi ta yi kururuwa. Kai da ake ce wa injiniya, ɓera ɗaya ya gagare ka?"

"Matar yaya, ni wuta na karanta, ban karanta ɓera ba."

"Wutar ma ai ban ga alama ba. Motar taku ko zafin kirki ba ta da shi. Bas ɗinmu, Allah ya ji ƙanta, yini ɗaya take busar mini da ganye. Wannan sai in kwashe shi da laushi kamar an turara."

Da na tsaya na saurari wannan magana da kyau, da an huta tun ranar. Amma ni ƙanin miji ne, ramuwa nake nema, sai na ce mata ganyen ne ya gaji da ita.

Muka shiga farautar ɓera. Tarko huɗu na ɗana, da gam na kama ɓera guda biyu, da ƙulli-ƙulli da kan busasshen kifi. Ba abin da muka kama sai gefen rigar Mainasara da ya manne a gam. Na leƙa ƙarƙashin mota da fitila, na duba wayoyi, ba cizo ko ɗaya, ba kashin ɓera.

A waje magana ta sauya salo. Da farko an ce kabu-kabu yake yi a ɓoye. Aka duba ma'aunin tafiya aka ga bai motsa ba. Sai wani a majalisar mai shayi ya ce to wutar yake zuƙa, yana sayar wa masu cajin waya, shi ya sa ake jin motsi a ciki, shi ya sa batir ke sauka. Ɗayyabu mai albasa, wanda famfonsa ne ke yawan hutawa idan ana caji, ya ɗauki maganar ya yi ta yawo da ita. Ba mugu ba ne, albasarsa ce ke yaushi.

Wata yamma Alhaji Tasi'u ya zo da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali da zafi. Sai Alhaji ya ciro wayarsa ya riƙe a hannu.

"Malam Mainasara, ni ban ce ka yi ba. Wallahi ban ce ba. Amma dukiyar jama'a ce, kuma kullum sai an tare ni. Waya ta ce akwai motsi a ciki, batir ya ce ana shan sa. Me zan ce musu?"

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji Mainasara.

"Ranar Asabar akwai taro. Idan akwai bayani, a kawo. Idan babu, sun ce a karɓi makulli a nemi wani. Ka yi haƙuri, ba son raina ba ne."

"Allah ya kai mu Asabar ɗin," in ji yayana. Ya raka shi har bakin hanya.

Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce masa ya ba ni minti kaɗan in zare fis ɗin jiniyar, kowa ya huta. Ya dube ni.

"Auta, idan na toshe mata baki, wa zai wanke ni? Batirin zai daina sauka ne? Ita kaɗai ta san abin da ke faruwa, kuma tana ta faɗa. Mu ne ba mu tsaya mun ji ba. Kullum sai ta yi ihu muke zuwa. Gobe ni zan riga ta."

Washegari ba tafiya. Ya jera faifan Turai kamar kullum, ya kulle mota, ya jawo turmi ya kifa a gefen taga ya zauna. Na roƙe shi ya bar ni in ɗora ma'aunin zafi a gaban mota, inda za mu iya karanta shi ta gilashi, don ni ban iya kallon abu ba tare da lamba ba. Ya ce in ɗora, amma in kama bakina.

Ban iya ba. "Yaya, talatin da huɗu." Can an jima na sake: "Yaya, talatin da shida."

"Ɓeran ma idan yana nan ai ka kore shi."

Rana ta take. Gumi ya jiƙa masa riga, bai ko gyara zama ba. Irin zaman kwalekwalen nan ne, ido a kan faifai kamar mai jiran fatsa ta motsa. Da aka kira azahar muka yi salla bi da bi, don kada a bar tagar ba ido. Na dawo na tarar lamba ta kai talatin da tara. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya ɗaga mini hannu.

"Ji."

Wani ɗan gurnani ne siriri, kamar firji ya tashi a ɗaki na uku. Daga cikin motar yake fitowa. Na dubi ma'auni: arba'in. Sai ganye ɗaya a bakin faifai ya girgiza. Ya ɗaga. Ya yi sama. Na biyu ya bi shi, sai ga zogale yana ta shawagi a bayan mota kamar fara ta sauka a gona. Ba a yi numfashi uku ba jiniya ta fashe.

Mainasara bai tashi da gudu ba wannan karon. Ya bar ta ta yi ihunta, yana kallo yana murmushi.

"Ashe fanka ce," ya ce. "Ita ta kunna wa kanta fanka, ita kuma ta tsorata da abin da fankar ta tayar."

Muka buɗe muka shiga allon motar, wanda ke gaban direba kamar fuskar babbar waya. Sai da na bi shafi shafi kafin na gano su, a wurare biyu daban. Na farko yana ɓangaren iska: idan mota na ajiye kuma zafin cikinta ya kai digiri arba'in, za ta kunna fanka, ko ma esi mai hura sanyi, da kanta, don kada allo da robobi da kujeru su gasu. Na biyun yana ɓangaren tsaro: wata 'yar na'ura a rufin mota, kusa da fitilar ciki, mai jin motsi idan an kulle. Duka biyun a kunne muka same su, da alama tun daga hannun mai ita na farko. A ƙasan na biyun har da ɗan gargaɗi da ƙananan haruffa, cewa iska mai motsa kaya tana iya tayar da jiniya. Daga baya na ji cewa a wasu motocin idan ka kunna ɗaya, ɗayan yakan kashe kansa. Tamu ba ta da wannan dabara. A lokacin sanyi cikinta bai taɓa kai wa arba'in ba, shi ya sa ba mu ji komai ba. Batirin da ke sauka kuwa, sanyayawar nan ce take cin sa, tana tashi tana tsayawa har rana ta yi sanyi.

Da muka yi wa Turai bayani, sai ta saki muciya ta riƙe haɓa.

"Wato ni ina shanya, ita tana yi wa ganyen fifita? Shi ya sa! Ban gaya maka ba, injiniyan ɓera? Na ce motar nan ba ta da zafi, ka ce ganye ne ya gaji da ni."

Na amsa laifina, muka yi dariya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don duk mun hango abin da ke gaba. Kafin Mainasara ya wanke kansa daga zargin satar wuta, sai ya faɗa wa ƙungiya cewa yana shanya a motarsu. Na kawo shawara. Na ce ranar Asabar mu rataya leda ko takarda a ciki, za ta motsa, jiniya za ta tashi, magana ta ƙare, ba sai an ambaci zogale ba.

"Su tambaye ni me leda take yi a ciki kullum, in ce me?" in ji shi. "A'a. Abin da ya yi ihun shi za su gani."

"Maigida, ka ce nawa ne," in ji Turai. "Ni na sa ka."

"Naki ne, amma hannuna ne ya jera."

Ranar Asabar bayan azahar mutane suka taru a ƙofar gidan. Na ƙirga mutum ashirin da uku, ban da masu leƙe. Mainasara ya miƙe ya faɗi komai tiryan-tiryan, har da faifai uku da zanen da yake shimfiɗawa. Wasu suka yi dariya, wasu suka haɗe rai. Ya jera ganyen a gabansu, na ɗora ma'auni, aka kulle, aka zauna jira.

Sai hadari ya taso daga gabas. Duk bazarar nan muna roƙon Allah ya kawo shi, bai tashi zuwa ba sai ranar. Rana ta shige cikin gajimare. Lamba ta hau talatin da bakwai ta tsaya cak. Na kalle ta har idona ya yi ruwa, ta ƙi motsi. Can ma sai ta sauko talatin da shida.

"To, Malam Mainasara," in ji Ɗayyabu, "ko fankar ma ta tafi cajin waya ne?"

Aka kwashe da dariya. Alhaji Tasi'u bai yi ba, amma na ga ya duba sama, ya duba agogo. Yayana yana zaune, ido a kan tagar. Ni kuwa na san idan aka watse a haka, ba wanda zai sake zama jiran wata Asabar.

Sai muka ji murya daga bayan ƙofar zaure. Turai ce.

"Mujitaba! Ka ce wa yayanka ya matsar da ita inda bas take tsayawa, gefen shagon kwanon nan. Gabanta ya kalli yamma. Hadarin nan na gabas ne, rana za ta ɓullo ta ƙasansa. Inda kuka ajiye ta ko barkono ba ya bushewa bayan azahar."

"Ka ji masu shanya," wani ya ce. "A bi maganarta."

Mainasara ya shiga da sauri don kada zafin ya fice, ya juya motar, ya fito ya kulle. Mun yi asarar digiri biyu a wannan buɗewar, na gani da idona. Aka ci gaba da zama. Wasu dattawa biyu suka fara neman takalmansu. Sai gefen gajimaren ya yage, rana ta faɗo kai tsaye a kan gilashin gaba, kwanon shagon kuma yana maido da ita ta gefe. Talatin da bakwai. Talatin da takwas. Wannan karon ba wanda ya ce in kama bakina, har taya ni suke yi. Ɗayyabu da kansa ya taso ya manna goshi a taga.

"Talatin da tara!"

Mainasara ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit. Gurnanin nan ya taso. Ganye ya girgiza, ya tashi, ya cika bayan mota. Jiniya ta fashe, Ɗayyabu ya yi baya da sauri har hularsa ta faɗi, a lokaci guda wayar Alhaji ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta ya karanta da ƙarfi: an ji motsi a cikin mota.

Ba a iya jin maganar kowa saboda dariya. Da aka lafa, muka bar motar a kulle tana ta sanyaya kanta, kafin la'asar kowa ya ga batir ya sauka da kashi ɗaya a wayar Alhaji, ba wanda ya taɓa ta.

Alhaji Tasi'u ya gyara murya. "Jama'a, kun gani. Maganar satar wuta ta mutu a nan, kada in sake jin ta. Amma Malam Mainasara, motar marasa lafiya ba wurin shanya ba ce."

"Haka ne, Alhaji. Na yi kuskure, ba za a sake ba."

"To makulli yana inda yake."

Ɗayyabu ya karkaɗe hularsa ya zo ya miƙa hannu. "Malam, ka yafe mini. Bakina ya riga hankalina."

"Ba komai. Albasarka ce ta yi magana, ba kai ba."

Aka ɗan ja gardama a kan wanne za a kashe cikin biyun. Wasu suka ce tsaro ya fi, wasu suka ce allon motar idan ya gasu ba mu da inda za mu samo wani. Mainasara ne ya raba gardamar, kuma tsarinsa muke bi har yau. Muka kafa wa motar rumfar zana a ƙofar gida. Idan tana inuwa, sanyayawar a kashe take, mai jin motsi a kunne, batir ba ya sauka sai ɗan abin da ba a rasa ba. Idan kuwa ya kai mara lafiya asibiti ya ajiye ta a rana, sai ya kunna sanyayawar ya kashe mai jin motsin, don kada a fito da mai jego a zaunar da ita a kujera kamar tanda. Jiniyar ƙofa tana nan, ko an ɓalle za ta yi ihu. Abu ɗaya da yake nanata wa duk wanda ya shiga motar: wannan sanyayawar don kayan mota aka yi ta, ba don mutum ba. Arba'in zafi ne mai kisa ga jariri. Ba a barin yaro a mota a kulle, ko da fanka ko babu.

Saura Turai, wadda ta wanke mijinta ta rasa wurin shanya. Bayan kwana biyu na tarar da yayana a bayan rumbu yana goge tsohon gilashin bas ɗinsa.

"Auta, kai da ka iya aune-aune. Idan aka yi akwati aka rufe da wannan fa?"

Muka samo katako, muka shafe cikin akwatin da baƙin fenti, muka huda ƙofofin iska sama da ƙasa muka sa musu raga saboda ƙuda. Faifai biyar yake ɗauka. Na saka ma'auni a ciki ranar farko, ya haura hamsin, kuma ba mai kunna wa ganyen fanka. Yanzu akwatuna huɗu ne a unguwar, don matan maƙwabta sun sa mazajensu sun bi 'yan gwangwan neman gilashi. Turai ta ce na farkon ya fi sauran, wai ya san hanyar Doguwa.

Mainasara yana nan da makullinsa. Cikin daminar da ta biyo baya shi ya kai matar Ɗayyabu asibiti a Tudun Wada, ta sauka lafiya, ya dawo da su a mota mai sanyi. Har yanzu yana cewa motar ba ta da gaisuwa, amma ya daina cewa ba ta magana.

Motocin nan suna ƙaruwa a hanyoyinmu, ko a makon jiya na ga biyu tsakanin Bebeji da Kwanar Ɗangora. Idan kana da irinta, ko kana tuƙa ta wani, kuma tana maka ihu ba dalili, ko batir yana zurarewa tana tsaye, don Allah kada ka fara da zargin mutum, kada kuma ka tsinke waya. Shiga allon ka nemo waɗannan biyun, na sanyaya ciki da na jin motsi, ka ga ko duka a kunne suke. Sannan ka ɗaura ɗan siririn ƙyalle a jikin madubin ciki, ka ajiye ta a rana ba kowa a ciki, ka kulle, ka sami turmi ka kifa a gefen taga ka zauna. Ka gwada ko sau ɗaya ne, ka ga abin da za ta nuna maka.